Ranar da Tsohon Maƙwabcina Ya Kasa Ƙarasa Labarinsa

Shekarun baya, na bar gidanmu na unguwar Harra ta Yamma a Madina na tafi karatu Ingila. Maƙwabtana a can wasu tsofaffi ne, mata da miji, Yahudawa. Matar a Adan ta Yaman aka haife ta, don haka Larabci ne ya haɗa mu. Ina ce mata Khala, kamar yadda muke ce wa sa'o'in iyayenmu a Madina, ita kuma ta ce min "ya binti", wato 'yata.

Da za su cika shekara hamsin da aure, ta gayyace ni walima a zauren jama'arsu. Na faɗa wa mahaifiyata a waya, ta ce, "Allah yahfazik, Allah ya kiyaye ki. Ki zauna kusa da ƙofa."

Kusa da ƙofar kuwa na zauna, ni kaɗai mai abaya, ina riƙe da jakata kamar wadda za ta hau jirgi. Duk wanda ya kalle ni sai gabana ya faɗi, alhali yawancinsu faranti suke miƙo min.

Bayan cin abinci mijin ya miƙe zai ba da labarin neman aurensu. Ya ce mahaifinta ya ƙi shi da farko, don shi iyayensa mutanen Turai ne, bai iya Larabci ba, bai san cimarsu ba. Ana cikin dariya sai maganarsa ta fara harɗewa. Bakinsa ya karkace, kofin hannunsa ya faɗi, ya sulale kan kujera.

Zauren ya rikice. Cikin duk mutanen nan, Khala ni ta hango ta kira, don 'ya'yansu sun rufu a kan mahaifinsu. Na riƙe ta muka bi motar asibiti a baya. Hannunta sanyi ƙalau.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, a jira. Ni ina ta karanta addu'o'ina a zuci, ita tana karanta nata a hankali cikin Ibrananci. Duk likitan da ya wuce sai mu miƙe tare. Can ta ce, "Ya binti, ba mutuwarsa nake tsoro ba. Tsorona ya farka bai san ni ba."

Sai na tambaye ta yadda mahaifinta ya amince. Ta ce ya gayyaci saurayin nata cin abinci, ya sa aka cika barkono. Mutumin ya ci yana hawaye, ya miƙa faranti a ƙara masa. Mahaifinta ya ce wanda ya yi kuka kuma ya nemi ƙari ba zai gudu ba. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka.

Wajen la'asar aka ce ta shiga. Ta ƙi sakin hannuna, muka shiga tare. Idonsa a buɗe, amma babu magana. Ta sunkuya ta ce, "Wace ce ni?"

Ya ɗaure fuska, ya harare ta irin hararar wanda aka raina wa hankali. Ta dafe ƙirji ta zauna. "Ya gane ni," in ji ta. "Haka yake kallona tun muna saurayi da budurwa."

Ya rayu, sai dai maganarsa ba ta dawo sosai ba. Daga baya ita ke ba da labarin, shi kuma ya ɗaga hannun hagu in ta ƙara gishiri.

Na dawo Madina tuntuni, su biyun kuma sun rasu. Idan na tuna, kunya nake ji yadda na shiga zauren nan ina tsoron mutanen da ke cikinsa. Tsoro na gaske a kujerar asibiti na san shi, kuma hannunta a cikin nawa muka ji shi.