Malam Tassiou, Wanda Ya Riƙe Mana Wuta

Ƙarfe biyu na rana, cikin zafin watan Agusta na Greensboro a Amurka, irin zafin nan mai ɗanko da ke manna wa mutum riga a baya, a lokacin ne Malam Tassiou yake ajiye tsohuwar motarsa a bayan gidan abincin Japanawa inda yake aiki. Ba ta ƙofar gaba mai jar fitila yake shiga ba. Ta baya yake bi, ya yi azahar a kan kwali kusa da buhunan shinkafa, ya hura gawayi, sannan ya zauna gaban kaji. Cinya daban, fata daban, hanta da zuciya daban. Kafin ƙarfe biyar da za a buɗe ƙofa, ya tsire tsinke ɗari huɗu, kowanne yanka biyar, kai ka ce da ma'auni ya yanka su. Yau shekara tara ke nan.

Irin wannan waje Japanawa na kiransa izakaya. Ana cin ɗan gashi, ana hira, ana kuma shan giyar shinkafa. Ba zan ɓoye muku wannan ba, don a kansa duk abin da ya faru ya faru.

Tassiou mutumin Madawa ne, tukubar tsire ya gada wajen mahaifinsa. Wankin kwanuka ya fara da shi a gidan. Wata rana mai gashi bai zo ba, mai gidan, wani dattijo Mista Okabe, ya miƙa masa mafici don ba yadda zai yi. Sai ya ga mutum ba ya ma kallon naman, kunne yake kasawa, ƙarar kitse a garwashi ce ke gaya masa lokacin juyi. Turancin Okabe guntu ne, na Tassiou ya fi shi gajarta, amma a haka suka daidaita. Tassiou ya ce kajin su zama yankan Musulmi, kuma shi ba zai taɓa miyar nan da ake zuba wa giya ba, gishiri da yajin ƙuli kawai. Okabe ya lasa yajin, ya yi tari har da hawaye, ya ce a ƙaro.

Bara wata jaridar gari ta jera irin waɗannan gidaje da suka fi kyau, nasu ya zo na fari. Aka yabi tsiren, aka ce har daga unguwar masu kuɗi ta Irving Park ake zuwa ci. Aka sa hoton Okabe yana murmushi. A bayansa, in ka duba da kyau, akwai rabin kafaɗa da bakin mafici. Mu da muka san kafaɗar, babu wanda ya yanke shafin ya ajiye.

To, ga abin da ya hana mu.

Kun san al'adarmu ta gida: in an yanka ragon layya, a feɗe shi, a banƙare a kan sanduna, a jera raguna su kewaye wuta su wuni, sai washegari a yi rabo. A nan wata gona muke zuwa a McLeansville, kuma tun da aka fara, Tassiou ne mai fiɗa da gashi. Amma a layyar farkon 2005, da muka zauna shawara bayan Juma'a, Alhaji Lamine, dattijon ƙungiyarmu, ya gyara murya.

"Bana Tassiou ya huta. Hannun da ke wuni a gidan giya ba zai taɓa mana layya ba."

Tassiou na zaune can baya, hularsa a gwiwa. Ya ce, "Alhaji, ni kaza nake gasawa."

"To, da me suke kora kazar?"

Aka kwashe da dariya. Ina cikin masu dariyar, Allah Ya yafe mini. Tassiou ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai waɗanda suka kwana a falonsa lokacin da suke baƙi, akwai wanda ya yi wata guda yana kai wa romo a asibiti. Ya ce da Faransanci, "Dakwar, Alhaji," wato ya yarda. Ya sa hularsa ya fita.

Ranar sallah aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Rago tara, na gida tara. Chaïbou direban tasi ya karɓi aikin wuta, ya ce tun yana yaro yake ganin ana yi, me ye abin wahala? Ya sa aka kwaso busasshen icen fayin daga bakin gona, bishiyar nan mai ganye kamar allura, don yana kamawa da ashana ɗaya. Mu a gida kirya da marke muka sani, wa ya gaya mana icen nan cike yake da ƙaro? Wuta ta tashi sama da kai, hayaƙi baƙi ƙirin, wari kamar an ƙona taya. Kafin awa guda raguna sun fara baƙi a waje, ciki kuwa ɗanye shataf.

Hajiya Fourera, wadda bakinta ba ya jiran izini, ta taso daga inda mata ke wanke kayan ciki. "Chaïbou! Layya muka ce maka, ba gyaran kwalta ba!"

"Hajiya, ki bari wuta ta kwanta mana."

"Ta kwanta da ragona a ciki?"

Ba wanda ya yi dariya. Layyar gida tara ce ke neman lalacewa, ga ɗalibai da maƙwabta an riga an ce musu gobe su zo.

A lokacin ne Tassiou ya ajiye mota can nesa. Ba wanda ya kira shi. Ashe ya ji Chaïbou na alfaharin icen kyauta, tun jajibere ya cika bayan motarsa da icen hikori, mai garwashi mai daɗewa. Ya yi sallama, ya mai da hannuwansa baya.

"Ba zan taɓa nama ba. Amma wuta ai ba layya ba ce, ko Alhaji?"

Alhaji Lamine ya duƙar da kai yana gyaran carbi.

Tassiou ya ɗauki shebur ya janye fayin duka, ya jera hikori, ya jira har ya zama garwashi ja. Daga nan sai baki. "Chaïbou, kankare baƙin da wuƙa, a hankali. Wancan na uku, ja shi baya taki ɗaya, iska ta juya. Yanzu juya na Hajiya." Tun hantsi yana tsugune, hayaƙi na shiga idonsa.

Akwai abin da har yau nake gani in na rufe ido. Sandar wani rago ta goce, ragon ya karkata zai faɗi, dab da kafaɗar Tassiou. Hannunsa ya fita da kansa, hannun mahauci ɗan mahauci. Sai ya tsaya a iska, tazarar yatsa biyu. Ya ce, "Chaïbou!" Kafin Chaïbou ya iso, rago ya sha toka. Na Alhaji Lamine ne. Duk mun gani, kowa ya samu wani wajen kallo.

La'asar na yi ya wanke hannu ya tafi aiki. Washegari aka yi rabo, nama ya yi daɗi, kowa ya ɗauka wani zai kai masa. Ba wanda ya kai. Da Hajiya Fourera ta ji, ta naɗe cinya guda ta kai da kanta, ta biyo ta kanmu.

"Maza tara! Kunya ta hana ku sallama a ƙofar mutum, amma ba ta hana ku tauna ba."

Tun daga shekarar, duk layya yana zuwa da icensa, hannuwa a baya. Ba wanda ya sake maimaita waccan magana, ba kuma wanda ya janye ta.

Ni ban yi karatun da zan yanke hukunci a kan wajen aikinsa ba, wannan na malamai ne. Abin da na sani, mun hana shi nama mun bar masa hayaƙi, mun kuma ci.

Malam Tassiou na Madawa, sarkin garwashi. Kai ne ka riƙe maganar da aka yi don a ƙasƙantar da kai, fiye da yadda masu maganar suka riƙe ta. Kai ne ka zo ba gayyata, ka tafi ba godiya, ka sake dawowa. Ba mu taɓa jin ka ambaci ranar nan ba, ko da wasa, wallahi da ka yi mana gori da mun fi samun sauƙi.

Ƙarshen watan nan zai ajiye mafici, likita ya ce hayaƙi ya ci masa idon hagu. Mun gode, Malam. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka lafiya, ka kuma yafe mana. Matasanmu, ku je ku koyi wuta a wajensa tun yana iya nunawa, ku kuma yi koyi da yadda yake riƙe bakinsa. Manyanmu kuma, layya na tafe a Disamba. Wani ya daure ya miƙa masa wuƙa a gaban kowa, kamar yadda aka karɓe ta a gaban kowa.

Juma'ar da ta wuce ana cikin huɗuba ruwa ya sauko. Ana sallamewa Tassiou ya riga kowa fita, don yana da kaji na jira. Ya tarar da takalma a bakin ƙofa, feshi ya fara kai musu. Ya duƙa ya kwashe su bibbiyu ya jera a ƙarƙashin rumfa, ya ruga mota da kwali a kai. Can Alhaji Lamine ya fito, ya zura ƙafa a nasa, ya ce, "Alhamdulillahi, nawa ba su jiƙe ba." Ya buɗe lema ya wuce.