Matar da Ta Ƙi Yarda da "Da Sauƙi"

Kafin ta ajiye jakarta da safe, Sista Nuna-Min takan zagaye ɗakin jira na sashen gaggawa na asibitinmu, benci-benci. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana haka. Ba ta tambayar kowa ya jiki, don ta san amsar. Mu ne fa, ko rai na fita sai mu ce da sauƙi. Ita sai dai ta durƙusa ta ce, "Nuna min inda yake ciwo." Nan ta samo sunan.

Manya sun ce tana ɓata lokaci, wai aikinta auna jini da ba da kati ne, ba hira ba. Sau biyu ana ba ta takardar gargaɗi, ta ninke ta cusa a aljihu ta ci gaba da zagayenta. Wanda ya gaji da jira ta faɗa masa mutum nawa ne a gabansa da abin da ya tsare likita. Ba ta iya ƙaryar "yanzu-yanzu" ba.

Har gobe masu shara na ba da labarin wani dattijo tela. Wani sabon likita ya tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, aka mayar da shi ƙarshen layi. Sista ta hango shi yana gumi, ya dafe ƙirji.

"Baba, nuna min."

"Da sauƙi, 'yata. A fara duba masu yara."

"Baba, kawaici a gida ake barin sa. Nuna min."

Ya nuna. Ta ɗora shi a keken marasa lafiya ta banko ƙofar likita ko sallama babu. Likita ya fusata, ya ce ai mutumin da bakinsa ya ce da sauƙi.

"Likita, gobe a kore ni. Yau dai duba zuciyarsa."

Ashe zuciyar ce ke shirin tsayawa.

Ranar da ta ajiye aiki telan ya zo da jikokinsa. Cikin tsokana ta ce, "Baba, ya jiki?" Ya fara, "Da sau..." sai ya haɗiye. "Gwiwa ce ta dame ni, 'yata."

"Yauwa! Yanzu ka yi magana."

Sista, ke ce kika hana mu mutuwa a kan benci saboda kunya. Masu cewa kin cika taurin kai su zo su faɗa a gaban jikokin nan. Mun gode, Sista, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma da kuka gaji teburinta, in an ce muku da sauƙi kada ku yarda. Ku durƙusa ku ce a nuna muku.