Dorina Ba Ta Fita Ran Asabar

Perpetua Nacuo ta daɗe tana tuƙa tuwon masara a ɗakin girkin makarantar kwana ta 'yan mata da ke Gurue. Mace ce marar hayaniya, sai fa in an taɓa mata tukunya ko an taɓa garinsu. Garin nasu Mucuala ne, can gangare wajen bakin teku, inda bishiyar kwakwa ta fi mutane yawa.

Ita ce 'yar fari wurin Anastasio, mai hawan kwakwa. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata ƙane yana rarrafe, Gildo, ita ta goya shi. Har yau akwai tabo a bayan ƙafarta ta hagu, tun daga idon sawu har yatsu, na ranar da Gildo ya rarrafa ya nufi tukunyar man kwakwa tana tafasa, ta fizge shi, man ya zube a kanta. Daga baya ta auri wani direban motar ganyen shayi, ya kawo ta Gurue. Da ya rasu sai ta zauna, don aikin girkin ya riga ya karɓe ta.

Abin da ya sa ake ganin girman gidansu a Mucuala ba kwakwa ba ne, Dorina ce. Kowace shekara, ranar Talatar da ake kwana a tashi da Larabar Toka, wato jajiberin azumin Kirista, dodannin unguwanni suna fitowa su zaga gari da kiɗa, Dorina ce a gaba. Ƙaton kai ne na itace mai buɗaɗɗen baki, jikinta kuma zaren kaba da busasshen ganyen ayaba har ƙasa, ba abin da ake gani na mutum sai tafin ƙafa. Kowa ya san Anastasio ne a ciki, amma ba mai faɗa. Ko matar mutum ta gane sawunsa ba ta kiran sunansa, wanda ya kira kuwa ya jawo wa gidansu abin gori har jikoki. Gidan da Dorina ta shiga dole a ciyar da ita. Kuma ba a gadonta sai a wannan Talatar: tsoho ya shiga ɗaki da wanda ya zaɓa, a ja ƙofa, Dorina ta fito. In mai ita ya mutu bai miƙa ba, sai a haɗa ta da busasshen ganyen dabinon da ake ƙonawa don toka, a cinna mata wuta. Da an kaɗa ƙararrawar coci da magariba an rataye fuskoki ke nan, sai baɗi.

Perpetua tana yarinya ita ke gyara wa Dorina kaba, in ba kowa kuma ta zaga bayan ɗaki tana kwaikwayon takun babanta. Amma tun da ta koma Gurue bikin ya yi ta wuce ta, don a tsakiyar zangon karatu yake faɗowa, ɗalibai kuwa ba sa daina cin abinci saboda biki.

Bayan Kirsimeti Anastasio ya ari wayar maƙwabci ya kira ta. Tari ya fi maganar yawa.

"'Yata, gwiwa ta ƙi. Bana zan sauke Dorina. Ki zo ki gani da idonki."

Ba a fafe gora ranar tafiya. Washegari ta sami Ancha, abokiyar aikinta, Musulma, suna tsintar wake.

"Ancha, ki riƙe min tukunya makon shiga azuminmu, ni kuma in riƙe miki na Sallarku."

"Ƙarama ko babba?"

"Kai, wannan mata! Duka biyun to."

"Yanzu na ji magana," in ji Ancha. "Amma ki zo min da kwakwa. Ba irin ta kasuwar nan mai kama da kan biri ba."

Shugabar makaranta ta amince. Perpetua ta sayi ganyen shayi da wake na tsaraba, da sabon zane na matar Gildo. Ta kama kujerar gaba wurin direban shapa, wato ƙaramar motar haya, mai zuwa Mocuba, don bayanta ba ya son kujerar baya. Ta bar kwana guda na rara saboda damina, ko ruwa zai cinye hanya. Ta ɗaure kayan ta tura ƙarƙashin gado, kullum da safe sai ta leƙa su.

Ana saura mako biyu Gildo ya kira. Shi ne yanzu sakataren kwamitin biki, har muryarsa ta canza.

"Yaya, albishirinki. Ki ɗaga tafiyarki, an mai da biki ran Asabar."

"Wace Asabar?"

"Ta bayan Larabar Toka. Wani kamfanin lemo ne zai ɗauki nauyi. Za su kawo dandamali da lasifika da masu ɗaukar hoto. Mutanen birni ba sa samun zuwa ran Talata, aiki suke."

"Gildo, Asabar ɗin cikin azumi take."

"Kwana nawa ne a ciki? Allah ba ya duba kalanda, Yaya. Kuma a kan dandamali Baba zai miƙa min Dorina. Zai cire fuskar a gaban jama'a, a tafa masa. Tun yaushe yake rawa ba wanda ya taɓa yi masa tafi da sunansa?"

Perpetua ta ajiye muciya.

"Ya cire fuska? A gaban mutane? Kai, da bakinka na ji ko lemon ne ke magana? Bikin shiga azumi a yi shi bayan an shiga? Ka taɓa ganin an yi walimar aure bayan suna?"

"A Quelimane an yi ba sau ɗaya ba."

"Kar ka yi min wasa! Me Baba ya ce?"

"Ya ce ba zai taka ba cikin azumi. Amma zai sauko. Wa yake da shi in ba ni ba? Ko so yake a ƙone ta?"

Ta kashe wayar. Ranar tuwon ya sha tuƙi har ɗalibai suka yaba laushinsa. Ba abin da ya fi ƙona mata rai irin maganar ƙarshen nan. Wato yaron da ta goya ya zauna ya auna tarin ubansa, ya ga tsohon ba lallai ya kai baɗi ba, shi ne ya matse shi: ko ya karya azumi ya tona fuskarsa, ko ya mutu a ƙone Dorina. Ta san halin babanta. Ba zai taka ran Asabar ba ko da gwamna ne ya zo kallo.

"To sai ki canza rana," in ji Ancha. "Ni duk ɗaya ne a wurina."

"Ke in aka ce an ɗaga Sallah zuwa tsakiyar Ramadan don masu lemo su samu zuwa, sai ki canza rana?"

"A'uzubillahi!"

"To ni ma haka."

Ta tafi yadda ta tsara. Shapa ta kai ta Mocuba, wata ta kai ta Quelimane, ruwa ya tsare su a hanya ya cinye kwanan rarar nan tas. Ta haye kogi a kwalekwale, ɗan haya mai keke ya ƙarasa da ita Mucuala ran Litinin da la'asar. A da, warhaka gari ya cika da ƙamshin kaza da madarar kwakwa, ana ta gasa fatar ganguna a bakin wuta. Yanzu ba ko ɗaya, sai tutoci ruwan ɗorawa masu hoton kwalba, an ɗaura su har a jikin katangar maƙabarta.

Ta tarar da Anastasio a kan tabarma, ya rame, Dorina na rataye a bango bisa kansa. Ba su gama gaisawa ba Gildo ya shigo sanye da riga ruwan ɗorawa.

"Yaya, kin sha hanya a banza. Gobe ba komai. Mun hana makaɗa, kar su gaji kafin Asabar."

"Sannu, sarkin kwalabe. Har matattu kun sa su talla, na gani."

"Ke dai ba kya son ci gaba. Kuna can Gurue kuna shan iska, mu muke nan. Kin san samari nawa suka rage a garin nan? In ba a kawo 'yan kallo ba, wa zai tsaya ya koyi rawar?"

Wannan kam gaskiya ce, ta kuma san gaskiya ce, abin da ya ƙara tunzura ta ke nan.

"Sai ku kawo su ran Talata! Mai son ganin Dorina ya nemi hutu, kamar yadda na sayar da Sallah biyu na zo."

Gildo ya juya ga tsohon. "Baba, ka yi tunani. Asabar dai."

Da Gildo ya fita, sai Anastasio ya bi Perpetua da kallo tana kwance tsaraba, idonsa ya tsaya a kan ƙafafunta.

"Har yanzu kina iya takun nan na bayan ɗaki?"

"Wane taku, Baba?"

"Kin ɗauka ban gani ba? Mai hawan kwakwa ba abin da ba ya hangowa."

"Ni mace ce, Baba."

"Ita Dorinar namiji ce? Kuma wa zai faɗa?"

Ran Talata da hantsi Anastasio ya aika a kira masa Tome, tsohon makaɗinsa, ya ce hira za su yi, amma ya taho da gangar. Tome na zaune a ƙofar gida aka ja ƙyauren ɗaki. Da ƙyauren ya buɗe, Dorina ta sunkuyo ta fito, kabarta na jan ƙasa. A bayanta Anastasio ne, yana dogara sanda, fuskarsa a fili. Tun da Tome yake kiɗa bai taɓa ganin su biyun a wuri guda ba. Hannunsa ya faɗa kan ganga tun kafin ya tuna da kwamiti.

Ciki zafi ne kamar tanda, kan itacen ya danne wa Perpetua wuya, ba ta ganin komai sai ta cikin bakin. Takun farko ta kusa faɗuwa. Na biyu ƙafar ta tuna da kanta. Mata suka fito da ludayi a hannu suna guɗa, yara suka biyo baya, kafin su kai kasuwa dodanni biyu na wata unguwa sun fito, ɗaya ma bai gama ɗaura ganyensa ba. Ga Anastasio a fili, ga Gildo can tsaye a ƙofar gidansa cikin rigar kamfani. Mutane suka dubi wannan, suka dubi wancan, kowa ya haɗiye tambayarsa.

Dorina ta miƙe sai gidan Gildo. Ta tsaya a tsakar gida ta buga ƙafa, ta hagu. Kabar ta ɗage, Gildo ya ga tabon.

Ya buɗe baki. Rabin gari na tsaye a bakin ƙofa, har Tome ya sassauta kiɗa. Matarsa ta damƙe masa hannu.

"Gildo, ka rufa mana asiri. Baƙuwa ta shigo."

Ya rufe bakinsa. Sannan ya shiga ciki ya fito da kwanon mukapata, shinkafa da wake da kwakwa, ya durƙusa yadda ake yi, ya miƙa ta cikin bakin itacen.

"Dorina," ya ce ƙasa-ƙasa, "ran Asabar fa? Na riga na sa an buga hotonki."

Dorina ba ta magana. Ta cinye abincin sarai, ta tura masa kwanon, ta juya.

Da magariba ƙararrawa ta kaɗa, aka rataye ta a bango. Ran Laraba Perpetua ta riƙo babanta suka je aka shafa musu toka a goshi. Ran Alhamis ta ɗaure kwakwar Ancha ta kama hanya, wuyanta ko juyawa ba ya yi. An yi bikin Asabar, an ce lasifikar har tsallaken kogi ana ji, amma Dorina na bango, don ba mai taɓa ta sai mai ita, mai ita kuwa ba wanda ya isa ya faɗi sunansa.

Ancha ta fasa kwakwa ɗaya ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai.

"To, wa tsohon ya ba?"

"Ba a faɗa."

"Me ya sami wuyanki?"

"Kujerar shapa ce." Perpetua ta ɗauki muciya, ta ja tsaki. "Cikin azumi fa, Ancha! Har jikin maƙabarta! Ke dai ki shirya, baɗi ma Sallarki biyu tawa ce."