Tsiren Sallah da Lasin Tankar Mai

Shekarun baya, lokacin ina jan tankar mai a nan Greensboro, na yi wata bajinta da har yau idan matata ta tuna sai ta yi dariya, ta kuma harare ni.

Ga wanda bai san aikin ba, lasin babbar mota kaɗai ba ya isa mutum ya ɗauki fetur a ƙasar nan. Sai an ƙara masa izinin ɗaukar kaya masu haɗari, wanda direbobi ke kira hazmat. Izinin yana da wa'adi, kuma kafin a sabunta shi sai an ɗauki zanen yatsunka, a yi makonni ana bincikenka, sannan ka sake rubuta jarabawa. Shi ya ba ni abin da direbobi da yawa ke nema ido rufe: in yi lodi da safe, in zagaya gidajen mai, in kwana a gidana. A shekarar kuwa ba abin da nake buƙata kamar haka, don matata na da tsohon ciki, na fari, kuma ba mu da uwa ko ƙanwa a kusa.

Da wa'adin nawa ya matso, na sa ranar ɗaukar yatsu bayan Babbar Sallah. A ganina lokaci zai ishe ni sarai.

Ranar Sallah muka je wata gona a Pleasant Garden aka yanka raguna, muka dawo gidan wani Alhaji, dattijonmu, aka hura gawayi a bayan gida. Ni kuwa an san ni da gashi, har ana ce min Sarkin Fawa, kuma ban taɓa musa sarautar ba. Hajiya, matar gidan, ta miƙo min safar hannu mai kauri ta ce, "Ɗana, sa wannan, wutar nan ta yi ƙarfi."

Na ce, "Haba Hajiya, yaushe aka fara gasa tsire da safa? Ai in aka ji a Kano na shiga uku."

Ana cikin hira wani ya bangaji bulon da muka ɗora ragar gashin a kai, raga ta karkace da nama cike. Ban yi shawara da kowa ba, na cafe ta da hannu biyu na mayar. Ko tsinke ɗaya bai faɗi ba. Jama'a suka hau tafi, ni kuma ina murmushi ƙwalla na zuba, ina cewa hayaƙi ne.

Kafin ranar da na sa, yatsun sun yi bororo sun sale. Haka na je ofishin. Ma'aikaciyar ta ɗora yatsana a gilashin na'ura, ta goge, ta sake ɗorawa, ta gwada ɗaya hannun. Abin da ke fitowa a allo kamar an dangwala tuwo. Ta tambaye ni abin da ya same ni, na ce gashin nama. Ta dube ni da tausayi ta ce in je in warke in dawo.

Kafin fata ta dawo a ɗauki yatsun, wa'adi ya cim mini, ga bincike bai ko fara ba. Maigidanmu a wurin aiki mutumin kirki ne, amma ya ce doka ba ta bar shi ya sa ni a tanka ba. Ko in zauna a gida, ko in karɓi tirelar kayan masarufi mai zuwa jihohi masu nisa har izinin ya fito. Zama kuwa ba zai yiwu ba, don inshorar asibitin matata a kan aikin take.

Da na gaya mata sai ta ce, "Sarkin Fawa, ka ceci tsire ka bar ni ke nan." Ta yi dariya, amma idonta ya yi ja. Can ta ce, "Je ka, Allah ya tsare hanya. Hajiya na nan."

Ina wani wurin hutawar manyan motoci a Tennessee, na idar da la'asar ke nan, waya ta yi ƙara. Hajiya ce. Ta ce, "Ɗana, an sauka lafiya, mace ce. Alhaji na nan zai yi mata kiran salla, na ce a'a, uban ya fara. Ga wayar na kara a kunnenta, bismilla."

Na tsaya tsakanin tireloli biyu, injuna na ruri, na toshe kunne ɗaya da yatsa na fara. Na yi mata kiran sallar har ƙarshe. Ina jin ɗan numfashinta a wayar. Ban taɓa jin farin ciki da takaici sun haɗe min wuri ɗaya kamar ranar ba.

Na iso gida kafin suna. Bayan wasu makonni izini ya fito, na ci jarabawa, na koma tankata. Tun daga nan kuwa, da zarar lokacin sabuntawa ya doso nake zuwa a ɗauki yatsuna, kuma ba na bari a kai ni kusa da wuta sai an gama.

Yarinyar yanzu tana makaranta, ina yi mata Hausa tana amsa min da Turanci. Ba ta rasa komai ba, ni na sani. Amma duk sanda wani abokina ya bugo min daga asibiti ya ce yanzu aka miƙo masa jariri, ina taya shi murna da zuciya ɗaya, sai kuma in tuna ranar da aka haifi tawa. Hajiya ce ta fara ɗaukar 'yata, ita ta fara ganin ta buɗe ido. Ina gode mata har gobe, amma na so a ce ni ne.