Hannun Kawu na Dama

Ana idar da sallar asuba muka ɗaga daga Kano, mu uku: ni, da ƙanwata mai aiki a sashen gashin ƙashi da motsa gaɓɓai na wani asibiti, da abokina mai motar. Rogo Ruma muka nufa, wajen Kawu, yayan mahaifiyarmu, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama wata huɗu da suka wuce. Labarin da ya tashe mu shi ne, tun da aka sallamo shi daga asibiti bai sake leƙa ƙofar gida ba. Mutumin da ya shekara talatin yana tarbar baƙi a zauren dagaci, yanzu ko masu dubiya sai a ce musu yana barci.

Hanyar Gwarzo ta yi mana kirki, amma da muka karya zuwa Karaye sai ramuka suka fara gaisawa da mu ɗaya bayan ɗaya. Abokina yana kaucewa yana yi wa tayoyinsa addu'a. Kaka ta yi, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, ga gyaɗa an shanya a bakin titi. A Karaye muka karya kumallo da ƙosai da soyayyen kifin dam. Na tambayi kuɗin kifin, da na ji amsa sai na ce wa mai kifin ko daga Makka aka kamo shi. Ta yi dariya ta ƙara mini kai ɗaya.

A mota ƙanwata ta ba abokina labarin ranar da abin ya faru. Kawu yana shan koko bakinsa ya karkace, ludayi ya faɗi, magana ta sarƙe. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, a kawo rubutu. Babbar 'yarsa ta hana a ba shi ko ruwa, ta ce zai iya shaƙewa, ta sa aka ɗauko mota nan take. A Kano aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa, aka ga jijiyar jini ce ta toshe, ba fashewa ta yi ba, kuma maganin biyun ba ɗaya ba ne. Hawan jini ne silar, ya daɗe da shi bai sani ba. Saurin nan ne ya ceto masa baki da ƙafa. Hannun dama ne ya rage.

Mun shiga Rogo da hantsi, muka sayi rake, muka wuce Ruma. Gaisuwa kaɗai ta ci kusan rabin awa, har gajiyar da ba mu yi ba sai da aka tambaye mu. Muka sami Kawu a ɗaki, ya yi fes, ya ma yi ƙiba, hannun daman an naɗe shi da rawani an ɗora a kan matashi kamar jariri. Inna, matarsa, tana ba shi fura a baki. Cikin alfahari ta ce tun da ya dawo ba su bar shi ya ɗaga ko tsinke ba, alwala ma yi masa ake.

Na ga fuskar ƙanwata ta canza. Ta duba ƙwayoyin maganinsa, ta auna jininsa, ta yaba, domin ba ya fashin magani. Sannan ta durƙusa ta warware rawanin, ta ce a kawo mata gyaɗa mai ɓawo a ƙwarya. Inna ta riƙe baki. Dattijo guda, mai jikoki, a sa shi ɓarar gyaɗa kamar ba shi da kowa? Ƙanwata ta yi mata bayani a hankali: hannun da aka hutar mantawa yake yi, kuma ladabin da suke yi masa shi ke kashe hannun.

Kawu ya kama ta farko ta suɓuce. Ta biyu ta gangara ƙarƙashin gado. Gumi ya karyo masa, ni kuwa tausayi ya sa na miƙa hannu zan taimaka, ƙanwata ta harare ni na janye. Can muka ji ƙas. Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin gyaɗar biyu a tafinsa, sannan ya jefa su baki da kansa. A nan ya gaya mana abin da bai gaya wa kowa ba.

"Ba ciwon ne ya ɓoye ni ba. Da wane ido zan miƙa wa mutum hagu?"

Ƙanwata ta nuna masa yadda zai tallafi gwiwar hannun daman da hagu ya ɗaga shi. Suka yi ta gwadawa har azahar, muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa, suka koma.

Da la'asar muka yi sallama, sai Kawu ya ce zai raka mu. Da sandarsa ya tako har zaure, daidai lokacin da mutane ke fitowa daga masallaci. Aka yi cirko-cirko. Wani tsoho, abokin wasansa tun na yarinta, ya matso. Kawu ya jingina sandar, ya tallafo dama da hagu, ya miƙa, kamar yadda ake gaida sarki ko malami. Tsohon ya kama hannun ya ƙi saki.

"Shekara sittin muna tare, sai yau ka san girmana."

Zaure ya ɗauki dariya, Kawu ya fi kowa. Ni dai na juya na goge ido, ban ji kunya ba.

Mun iso Kano bayan magariba da buhun gyaɗa da ciwon baya. Na koyi cewa in baki ya karkace ko hannu ya saki, mota ake nema, ba a jira a ga yadda za ta kaya. Na kuma koyi cewa wani lokacin hidimar da ta fi ita ce ka rungume hannunka ka bar mutum ya yi fama. Washegari Inna ta bugo waya tana ƙorafi, wai Kawu ya fita tun da safe, har an kai masa abinci zauren dagaci.