Ranar da Muka Fita Duba Gida da Inna

Ana sallame sallar asuba muka fara haramar tafiya, duk da cewa tafiyar tamu ba ta wuce cikin New York ba. Ku da kuka saba jin labarin zuwana sarin atamfa da turare, yau ba kasuwa zan kai ku ba. Gida muka fita dubawa, ni da maigidana da mahaifiyata, wadda duk mutanen unguwarmu ta Mount Hope, a yankin Bronx, ke kira Inna. Sammakon kuwa ba don nisa ba ne. A hawa na biyar muke zaune, a wani tsohon bene da ba shi da lifta, kuma sauko da Inna daga can aiki ne mai zaman kansa. Ina riƙe da hannunta, maigida na gaba da kujerar roba, duk inda matakala ta karya kwana sai a ajiye mata ta huta.

Rabon Inna da taka ƙasa tun farkon sanyi, saboda gwiwa. A kwanakin baya ta kira ni ta ce ita ba tantabara ba ce da za ta ƙare kwanakinta a sama, bayan Babbar Sallah za ta koma Maradi, komawar da ba dawowa. Maganar ta tsaya mini a rai. Ita kaɗai ta rage mini, likitanta da maganinta duk a nan suke, kuma na san in ta tafi sai dai mu riƙa ganin juna a waya. Shi ya sa muka tattara abin da muka daɗe muna tarawa, muka ce bari mu sayi kondo a sabon gini mai lifta. Ga wanda bai sani ba, kondo fulat ne da mutum ke saya ya zama mallakinsa a cikin bene, ya yi tarayya da sauran masu fulat a kan ƙofar shiga da lifta da sauransu. Da ƙyar Inna ta yarda za ta je ta gani. Ba ta yi alkawarin komai ba.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya, wanda ya ɓata mini rai. Dillaliyar da ke nema mana gidan ta ce mu zo ranar Lahadi, lokacin da ake buɗe irin waɗannan gine-gine ga masu saye. Inna ta kafe kai da fata sai ranar aiki. Na yi lallashi, na yi mita, ta yi biris da ni. Haka na kulle kantina ranar Talata, maigida ya haƙura da fasinjojinsa, muka cika mata burinta ba tare da mun san dalili ba.

Babban titin Grand Concourse da sanyin safiya wata duniya ce. Mata masu aikin kula da tsofaffi sun yi layi a tashar bas, kowacce ta ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kan doguwar riga. Mun tsaya wajen wata 'yar Ghana da ke sayar da koko da ƙosai, mai zafi, citta ta ji. Inna ta kurɓa ta ce koko ne, amma gero bai san da zamansa ba. Duk da haka ta shanye tas. Daga nan muka hau babbar hanya muka faɗa cunkoso, muka yi ta jan ciki har gadar da ke tsallakawa Queens. A gadar ba mai tsayar da kai, kyamara ce ke ɗaukar lambar motarka ta cire kuɗinta shiru. Maigida ya ce ya fi son ɓarawon da zai ga fuskarsa.

Gini na farko yana bakin ruwa a Queens, dogo ne na gilashi wanda sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshensa. A ƙofa muka haɗu da dillaliyar, wata mata mai fara'a da saurin magana, haifaffiyar Bronx. Aka nuna mana ɗakin motsa jiki, da wurin hutawa a saman rufi, da wani ɗaki mai tayil fes da famfo. Inna ta yaba, ta ce masu ginin sun kyauta da suka tanadi wurin alwala. Sai da na sunkuya na raɗa mata cewa wurin wankan karnuka ne. Ba ta ƙara yabon komai a ginin ba.

Fulat ɗin kansa ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ta taga kana hango Manhattan baki ɗaya. Maigida ya tsaya a jikin gilashin baki har kunne, yana ɗaukar hoto da zai aika wa abokansa na tasha. Amma kicin ɗin a tsakiyar falo yake, ba bango ba ƙofa, wato in ya yi baƙi sai dai in riƙa tuƙa tuwo a gabansu. Wurin ajiye mota daban ake sayar da shi, a kan kuɗin da zai gina ɗaki ciki da falo a gida. Bayan ka saya kuma akwai kuɗin kula da gini da za ka riƙa biya duk wata har abada. Ina cikin yi wa maigida wannan bayani na waiga, ba Inna.

A baranda na same ta, ta dogara sandarta a ƙofar maƙwabta tana ƙwanƙwasawa tana sallama. A wurinmu haka ake yi, ba ka tarewa a wuri sai ka gaisa da na kusa ka ga irin mutanen da za ka zauna da su. Amma a nan, jama'a, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta buga ta farko shiru, ta biyu shiru. A ta uku wata murya ta fito daga ɗan akwatin da ke jikin ƙofa, mai gidan ne yake magana daga ofis ta wayarsa, yana cewa a ajiye saƙon wajen mai gadi. Inna ta gaishe da akwatin har da tambayar iyali. Dillaliya ta yi dariyar yaƙe, ta ce yawancin masu fulat a hawan ba su tare ba, wasu ma a wata ƙasa suke.

Muka sake tsallako ruwa zuwa Harlem, kuma a nan nake da ƙarfin gwiwa. Nan kantina yake, ga masallatai, ga shagunanmu, ba ka tafiya mai nisa ba ka ji ana Hausa ko Zabarmanci ba. Mun ci dafa-dukar 'yan Senegal da kifi a wani gidan abinci, farantin da mutum ɗaya ba ya iya gamawa, Inna na ta amsa gaisuwar mutanen da suka daɗe ba su gan ta ba. Na ga fuskarta ta saki, na ce a raina an gama.

Ginin na Harlem sabo ne fil, har warin fenti bai fita ba, ga ɗan karen tsada. Ɗakin da za a ba Inna, in aka sa gado, sai dai ta shimfiɗa sallaya a kan gadon. Baƙo ba ya hawa sai mai gadi ya kira ka ka amince, lifta kuma ba ta motsi sai da kati. Maigida ya ce wannan shi ne tsaro. Inna ta tambaya ko ƙawayenta za a ba kowacce kati, aka ce a'a, ta gyaɗa kai. Sannan ta ja sandarta ta fita baranda. Wannan karon na bi ta ina roƙonta ta rufa mini asiri. Ko a jikinta. Ta bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya amsa sai wani kare da ya yi ta haushi daga ciki, shi ma da alama kaɗaici ya ishe shi.

Da muka koma mota na kasa haƙuri, na ce mata wannan ƙwanƙwase-ƙwanƙwasen kunya yake ba ni, kuma a ƙasar nan ana iya kira wa mutum 'yan sanda a kai. Sai ta juyo ta ce:

"Ke da Alhaji kuna hita da sahe, sai dare. Ni ce mai wuni. Ran Lahadi kowa na gida, mi zan gani? Na zo in ga wa ke nan lokacin da ba ku nan."

Wata da watanni ina lissafin matakala, ban taɓa tunanin wunin ba. A tsohon benenmu, duk wahalarsa, ƙofarmu ba ta rufuwa. Wannan ta hawo da jariri a riƙe mata, waccan ta hawo da tsintar wake, hira har la'asar. Maigida, da yake suruki ne, sai ya ƙara rage rediyo.

Gini na uku ban so ma mu je ba, don a hoto bai burge ni ba. A Bronx yake, kusa da Parkchester, inda jirgin ƙasa mai lamba shida ke wucewa ta kan gada a sama yana girgiza titi. Sabo ne amma gajere, ba gilashi, ba mai gadi, ba wurin wankan kare. Tagarsa bayan wani kantin kayan miya take kallo. Sai dai ɗakunan da faɗi, kicin da ƙofarsa, kuɗin wata-wata kuma da dama-dama. A kan titin akwai mahautan halal na 'yan Bangladesh da ɗan masallaci a ƙasan wani gini.

Muna fitowa daga lifta ƙamshin albasa da wake ya tare mu. Ƙofar da ke kallon fulat ɗin a buɗe take, an tokare ta da kujera, rediyo na waƙa da Sifaniyanci. Inna ko leƙa namu ba ta yi ba, can ta nufa ta yi sallama. Wata tsohuwa gajera mai farin gashi ta fito tana dogara sanda. Suka kalli juna, suka kalli sandunansu, sai matar ta nuna gwiwarta ta yamutsa fuska, Inna ta nuna tata, suka fashe da dariya. Kafin in ce wani abu ta kama hannun Inna ta ja ta ciki.

Mun gama duba fulat ɗin, maigida ya buɗe kowane famfo, ya ƙwanƙwasa kowane bango kamar wani magini, Inna ba ta fito ba. Da na leƙa sai na tarar da su a zaune, kowacce ta miƙe ƙafa a kan ɗan tebur, ga kwalbar man zafi a tsakaninsu. Inna da ba ta shan kofi tana riƙe da ƙaramin kofi baƙi ƙirin tana kurɓa. Ita tana zuba Hausa, matar tana zuba Sifaniyanci, ba mai jin wata, ba kuma mai jiran wata. A bango akwai gicciye da hotunan jikoki. Dillaliya, da take jin yaren, ta fassara mana kaɗan: 'yar matar ce ta sayi fulat ɗin, ma'aikaciyar asibiti ce, tun duhu take fita. Tsohuwar ita kaɗai ke wuni a duk hawan, shi ya sa take tokare ƙofa ko wani zai gifta ta gaishe shi. Har takardar gargaɗi masu kula da ginin sun aiko mata a kan kujerar. Da za mu tafi ta rako mu har lifta, ta riƙe mayafin Inna tana tambayar dillaliya wani abu. Wai yaushe za ta tare.

Muka kama hanyar gida. Ni tsoron tambaya nake yi, kada in ji abin da ba na so. Mun iso Mount Hope dab da magariba, muka fara hawan matakalar nan, hawa kuwa ya fi sauka wuya. A hawa na uku Inna ta zauna a kujerarta tana haki, ta ɗago ta dube ni.

"Matar nan ba ta da kowa da rana. Ba a barin mutum haka. Ku yi magana da mai gidan, in da hali a ba ni ɗakin da ya hi kusa da ƙohwa."

Na ce, "Maradin fa, Inna?"

Ta ce Maradi cike take da mutane, ba wanda ya tokare ƙofa yana jiranta a can. Na juya baya kamar ina gyara ɗankwali, don ban so maigida ya ga hawayena ba. Daɗin da na ji a kan matakalar nan ban ji irinsa ba tun zuwana ƙasar nan.

Abin da tafiyar ta koya mini, ga duk mai shirin sayen kondo: a duba faɗin ɗaki, a tambayi kuɗin wata-wata, a ga ko kicin na da ƙofa, kada hoton taga ya ruɗe ka. Amma a je ranar aiki, da tsakar rana, a kuma tafi da wanda zai fi kowa wuni a gidan, a bar shi ya yi dubansa yadda ya iya. Mu dai mun miƙa buƙatarmu a kan gini na uku, an karɓa, saura aikin takardu. Makulli bai zo hannu ba tukuna, amma tun jiya Inna ta tsare ni sai na nemo mata yadda ake cewa "ina kwana" da Sifaniyanci, kuma yau da safe na ji ta a ɗaki tana maimaitawa.