Yadda 'Yar Kwamfutar Hannu Ta Shiga Tsakanina da Uwar Mijina

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina jinjina wa masu ƙarfin halin faɗin abin da ya same su. Yau ga nawa, sai dai ina roƙon a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru ina matar aure mai 'ya'ya biyu a Azare, ina aiki da wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata masu juna biyu. Zamanin ne da wayoyi masu bulutut suka fara cika gari, kowane saurayi yana tura wa ɗan'uwansa waƙa da hoto a bakin titi. Aikinmu shiga ƙauyuka ne, mu zauna da mata, sannan mu tura rahoto ta intanet. Ba kowa ne a dangin mijina ya so wannan aiki ba. Yayyensa sun ce matar gidansu ba ta yawon ƙauye, shi kuma maigidan mutum ne mai gudun magana. Wadda ta tsaya mini ita ce mahaifiyarsa, Hajiya, dattijuwa mai koyar da matan aure karatu a gidanta, mai kamun kai ta yadda ko dariyarta ba a ji daga zaure. Ta ce a bar ni, ita ta san tarbiyyata. Da wannan kalma tata nake fita aiki.

Ofis sun ba ni laftof, wani jibgege mai nauyin dutsen niƙa. In na goya shi a kan acaɓa, kafin mu kai ƙauye kafaɗata ta sage, ga mutane suna bin jakar da kallo. Sai ƙanena ya dawo daga Dubai ya kawo mini tsarabar wata 'yar kwamfutar hannu, ba ta fi tafin hannu biyu ba, ana taɓa fuskarta da ɗan tsinke. In na haɗa ta da wayata sai ta shiga intanet, in rubuta rahotona ina zaune a kan tabarma, in tura, in jefa ta a jaka ƙarƙashin hijabi. Na ji daɗinta har na fara yi wa masu laftof tsiya, ina ce musu 'yan dako. Tun daga nan na daina tafiya da laftof, na bar shi a ofis. Abin da ban lura da shi ba shi ne, shi laftof yana da lambar sirri kuma ba mai cewa a ara masa. Ita kuwa wannan kamar abin wasa ake ganinta, duk inda na fito da ita sai an miƙo hannu an ce mu gani. Mu kuma a wurinmu ba a hana mutum ganin sabon abu, sai a ce kina da rowa.

Ana haka aka yi bikin autar Hajiya. Ranar kamu, mata zalla a tsakar gida an rufe ƙofa, masu kiɗan ƙwarya suka yi ta zuga Hajiya, jikoki suka ja hannunta. Sai ga Hajiya ta miƙe ta taka rawa, irin wadda ta ce rabonta da ita tun tana budurwa. Kallabinta ya zame, furfurarta ta bayyana, tana dariya har da hawaye. Ni kuma na ɗauka da kyamarata, na ciro katin ajiyarta na sa a cikin 'yar kwamfutar. Da na nuna mata, sai ta rufe baki ta ce in goge. Can kuma ta ce in bari ta ƙara gani. Daga ranar ya zama sirrinmu. In na je gaishe ta sai ta tura ƙofa, ta cire mayafi ta miƙe ƙafa, ta ce in kunna mata tsohuwar nan marar kunya. Sharaɗinta ɗaya ne, kada idon wani ya gani, ko na ɗanta.

A wurin aiki ina da abokiyar tafiya da ta girme ni, ina ce mata Yaya. Kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana a ƙauye. Ta san komai nawa, har ta san cewa aikina a bakin Hajiya yake rataye, domin ni na gaya mata. Kuma a wata tafiya, don baki ba ya ajiya, na taɓa ba ta labarin rawar, ban dai nuna mata ba. A lokacin an zaɓe ni in shugabanci masu fita ƙauye, ita ba a zaɓe ta ba, ta kuma rungume ni ta yi mini barka.

Muka tafi Disina aiki. Babu wuta, cajin na'urar ya kusa ƙarewa, ga rahoto ban tura ba. Da laftof ne da ban ba kowa ba, domin kayan ofis ne. Yaya ta ce tana da 'yan'uwa a garin masu janareto, in kawo ta kai mini, ni in ci gaba da zama da matan. Na ciro na miƙa mata kamar mai ba da aron ludayi. Bayan la'asar ta dawo da ita cike da caji, har da ƙullin gyaɗa, na yi ta godiya.

Ba a daɗe ba ƙanen mijina ya shigo gidanmu fuska a murtuke, ya ja yayansa gefe ya nuna masa waya. Rawar Hajiya ce. A tashar mota ya gan ta a hannun 'yan acaɓa, an ɗora mata wani kiɗan banza, suna ta ƙyaƙyata dariya suna cewa ga malamar matan aure. Na leƙa wayar na gani da idona. Ba sai na yi dogon tunani ba, sau ɗaya tak na'urar ta taɓa yin nisa da idona.

Na sami Yaya a gidanta. Da farko ta rantse, daga baya da na ce za mu dafa Alƙur'ani sai ta sauya murya. Ta ce ta tura wa wayarta ne kawai don ta yi nishaɗi, ƙanenta ne ya ɗauka. Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce, "To ke da kika san abin sirri ne, me ya sa kike yawo da shi a jaka?" Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, domin macuciya ce ta faɗe ta, kuma gaskiya ce. Yayyen mijina suka taru suka ce aiki ya ƙare, wannan karon babu wanda ya tsaya mini. Kafin wata ya zagayo Yaya ce ke shugabantar masu fita ƙauye. Ko da niyya ta yi ko sakaci ne, ita da Allah, amma ko sau ɗaya ba ta tako gidana ta ce in yi haƙuri ba.

Na je wurin Hajiya na durƙusa ina kuka. Na so ta zage ni, ko ta ɗaga hannu ta mare ni. Ba ta yi ba. Matan da take koyarwa sun ragu, wasu mazan sun hana matansu zuwa, duk ta sani. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Na yafe miki, 'yata. Laifina ne da na manta shekaruna." Wallahi da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

'Yan'uwa, ba na'urar nake zargi ba, ta yi mini aiki kuma ta hutar da kafaɗata. Amma abin da ya yi sauƙin ɗauka yana da sauƙin miƙawa. Kafin ki ba wani waya ko kwamfuta, ko caji ne zai kai miki, ki tuna fuskokin da ke ciki, domin mutuncin da kike yawo da shi ba naki ba ne ke kaɗai. Kuma kada ki nuna wa abokiyar aiki igiyar da ke riƙe da ke, komai daɗin zamanku.

Aikin da na rasa ban cika tuna shi ba yanzu. Hajiya ta ci gaba da karɓar gaisuwata, tana tambayar yara, tana sa mini albarka. Sai dai tun daga ranar har Allah ya karɓi ranta, duk sanda ta ji sallamata a bakin ƙofa, sai ta jawo mayafi ta rufe kanta kafin ta ce in shigo.